Filin Tambaya da Amsa: Tsadar Wuta da Haɗa Sola a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Katin wutar da nake sakawa ba ya kai ni ƙarshen wata, man janareta kuma ya gagara. Ina da fanka uku, ƙwan fitila takwas, talabijin da ƙaramin firiji. Wace irin sola ce za ta ɗauke su? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara duba rukunin da Kaduna Electric ta sa layinku. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta amma bai sauko ƙasa da 200 ba. In a ƙananan rukunai kake, wutar gwamnati ta fi sola arha. Janareta ne mai cinye maka aljihu tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuma shi sola za ta maye.

Kada ka taka shagon mai sola sai da lissafi a hannu. Ana ninka wat da awannin aiki a samu wat-awa, kuma wat-awa 1,000 shi ne yunit ɗaya: fanka uku masu wat 60 na awa 10 sun ci 1,800. Fitilu takwas masu wat 10 na awa 5, 400 ke nan, talabijin ma kusan haka. Ƙaramin firiji yakan ci wajen 1,200 a yini. Jimla ta kusa 4,000, wato yunit 4. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda abin da ke salwanta a waya da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) da batir, ya zama 5,000. A Zariya ana lissafa awa 5 na rana mai ƙarfi, don haka kana buƙatar fanel na wat 1,000. Biyu masu 550 sun isa da rani, amma shawararmu ka sa uku, saboda hadarin Agusta kan rufe rana kwana biyu ko uku a jere.

Batir shi ne inda kuɗi ke tafiya, kuma nan aka fi cutar mutane. Batir mai ruwa na bolt 12, amfiya 220, yana riƙe wat-awa kusan 2,600, sai dai rabi kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko. Ke nan ɗaya ya yi maka kaɗan, biyu za ka haɗa a jere su ba da bolt 24. Na litiyom ya fi tsada a saye, amma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa, ba ya buƙatar a zuba masa ruwa, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Inbata mai ƙarfin kVA 2.5 ta wadatar, domin firiji kan ja ninki uku ko fiye na wutarsa a lokacin da injinsa zai tashi. Dutsen guga da hita kuwa, kowanne ya kai wat 1,000, a bar su sai an kawo wuta.

Wata dabara mai sauƙi: fankokinka ne suka cinye kusan rabin lissafin. Canza su da masu cin wat 30, sai ka rage yunit kusan guda kafin ka sayi komai.

Tambaya: An haɗa mana sola bara a Samaru. Da farko tana kai mu asuba, yanzu ƙarfe biyun dare inbata ta fara kuka ta ɗauke. Batirin ne jabu? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, ba lalle ba ne. Galibi batirin ba ya cika ne da rana. Batir mai ruwa in ya yi makonni ba ya cika, wani farin gishiri yakan daskare a farantan cikinsa, ƙarfinsa ya yi ta raguwa, kuma da wuya ya dawo. A sa yara su duba allon na'urar caji da La'asar: in bai nuna ya cika ba, to fanel ɗin sun yi kaɗan, ko an ƙara kaya bayan haɗawa, ko ƙura ce. Da hunturu ƙurar sati ɗaya ta isa ta rage wuta sosai, a riƙa wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A duba inuwa ma; reshen darbejiya ko tankin ruwa da ya rufe gefen fanel ɗaya yakan ja sauran da ke jere da shi ƙasa. Fanel ɗin su fuskanci kudu, da ɗan karkata kamar digiri 10 zuwa 15.

Sai ruwan batir. A buɗe murafun duk wata a cika da tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na leda, ban da ƙarin asid. A fitar da batiran daga ɗaki mai zafi marar iska. In waya tana ɗumi a hannu, ta yi siriri, a canza ta. Idan mai gyara ya auna ya ce ɗaya ya mutu, a canza duka biyun tare, domin tsohon yakan rage wa sabon ƙarko.