Mun kafa allon taɓawa a gidan tarihi amma ba a kula shi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen ilimantarwa na wani gidan adana kayan tarihi. Bara muka kafa babban allon taɓawa a ɗakin baje koli, muka kuma liƙa lambobin QR a gefen kayan. Da muka raba takardar tambayoyi a bakin ƙofa, kusan kowa ya rubuta cewa abin ya burge shi. Su kuwa masu gadin ɗakin sun ce da wuya su ga wani ya taɓa shi. Yanzu shugabanninmu na son a ƙara zuba kuɗi a yi manhajar waya. Maganar wa za mu kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ku kama maganar masu gadi. Baƙon da aka tare a bakin ƙofa da takarda kara zai yi muku, ya yaba, ko da bai je kusa da allon ba. Masu gadi kuwa abin da ido ya gani suke faɗa. Abin da ya rage shi ne ku mayar da wannan ganin ya zama lissafi, kafin a kashe ko sisi a kan manhaja.

Ku zana taswirar ɗakin a takarda, ku sa wa kowane abu lamba, har da allon. Ma'aikaci ɗaya ya tsaya nesa kaɗan da agogo a hannu, ya riƙa bin kowane baƙo na biyar da ya shigo. Wannan ƙa'idar ta "na biyar" tana da muhimmanci, don in aka bar mutum ya zaɓa, waɗanda suka yi kama da masu sha'awa zai bi. Ya rubuta hanyar da baƙon ya bi, inda ya tsaya, da daƙiƙa nawa ya yi. Tsayawa ita ce a kafe ƙafa biyu ana kallon abu na daƙiƙa 2 zuwa 3; waiwaye ana tafe ba ya cikin lissafi. Ku tara mutum 40 zuwa 50, a ranakun aiki da na hutu. Ku sa sanarwa a ƙofa cewa ana nazari, kada a ɗauki hoto ko sunan kowa.

Lambobi biyu za su fito: mutum nawa suka tsaya a allon, da tsawon zaman da suka yi. Beverly Serrell, wadda a 1998 ta fitar da nazarin irin wannan bibiyar a baje koli sama da 100, ta nuna cewa a yawancinsu baƙo ba ya cika minti 20 a ɗakin gaba ɗaya. To, bidiyon minti 6 kusan kashi ɗaya cikin uku na ziyarar yake nema. Kaɗan ne za su ba shi.

In 'yan kaɗan ne ke tsayawa, laifin wuri ne. Wataƙila allon na dab da ƙofar fita, inda ƙafa ta riga ta gaji. Tun 1916 Benjamin Gilman na gidan tarihin fasaha na Boston ya yi rubutu kan wannan gajiyar. Wataƙila hasken taga na dukan gilashin. Sau da yawa kuma allon yakan yi kama da talla ko talabijin, babu abin da ke ce wa mutum "taɓa ni". Hoton hannu mai motsi da gajeriyar jimla ɗaya kan magance wannan.

In kuwa suna tsayawa amma su bar shi cikin daƙiƙa 10 ko 15, matsalar na cikin allon, kuma nan ne aikin yake da daɗi. Ku roƙi baƙi biyar, ɗaya bayan ɗaya, ku ba kowa aiki takamaimai: "Nemo mana shekarar da aka ƙera wancan tulun." Ku ce ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana yi. Sannan ku kame bakinku. Wannan shi ne mafi wuya, domin da zarar yatsan mutum ya tsaya cak a iska yana neman inda zai danna, ma'aikaci zai so ya nuna masa. Wannan tsayawar yatsan ita kuka zo nema. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya ƙiyasta cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, amma fa biyar daga rukuni ɗaya: yara daban, dattawa daban, masu keken guragu daban. Ku gyara, ku sake gwadawa da wasu biyar.

Akwai kurakuran da ke yawan fitowa. Wanda ya gabata ya bar allon a tsakiyar wani shafi, na baya ya zo bai san mafari ba. Sai a sa ya koma shafin farko bayan kamar minti ɗaya ba a taɓa ba, tare da gargaɗi, kada ya katse mai karatu a hankali. Maɓallan sun yi sama: ƙa'idar Amurka ta masu naƙasa ta ajiye abin taɓawa tsakanin santimita 38 da 122 daga ƙasa. Rubutu ya dusashe a kan hoto, alhali ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, na neman bambancin haske na 4.5 zuwa 1 tsakanin rubutu da abin da ke bayansa. Ga wanda aka fi mantawa: mutane a ƙungiya suke zuwa, uwa da 'ya'ya uku, allon kuma yatsa ɗaya yake ganewa.

Kada ku ruɗu da ƙidayar da na'urar ke ajiyewa. Taɓi take ƙirgawa, ba mutane ba. Yaron da ke dukan gilashi da mai goge ƙura da safe duk suna ciki.

Lambobin QR ba sa buƙatar dogon bincike. Ku ba kowace lamba adireshinta don ku san wadda ake buɗewa, ku gwada ko intanet na shiga ta kaurin bangon, ku rubuta a gefe abin da mutum zai samu: "Saurari ƙarar wannan gangar, daƙiƙa 30." In shafin maimaita rubutun jikin bango kawai yake yi, baƙo ba zai buɗe na biyu ba.

Manhaja kuwa, shawararmu a dakata. Sauke ta na cin data da wuri a waya, don ziyarar da mutum zai yi sau ɗaya, kuma duk shekara tana neman kuɗin sabuntawa. Gidan tarihin Cooper Hewitt na birnin New York, da ya fito a 2015 da alƙalaminsa na lantarki na taɓa allo da adana bayanan kaya, a hannu aka riƙa miƙa wa baƙo shi wajen karɓar tikiti, a nuna masa yadda ake yi. Ku fara da shafin intanet mai sauƙi da ke buɗewa daga lambar QR, ku horar da masu gadi su riƙa nuna shi, sannan ku sake bin mutum 50 ku kai wa shugabanni lissafin farko da na biyu a takarda ɗaya.