Yadda manyan kayan shirye-shiryen talabijin ke ɓata, da yadda ake gano su

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wani ƙaramin kumbo na shirin Star Trek a wani wurin baje koli a Amurka, an rubuta cewa shi ne ainihin wanda aka ɗauki shirin da shi a shekarun 1960, kuma ya daɗe da ɓata kafin a gano shi. Yaya abin da ya fi mota girma zai ɓata? Kuma da me ake tabbatar da cewa wanda aka samu shi ne na asali?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kumbon da ka gani sunansa Galileo, kuma labarinsa kaɗai ya isa ya amsa tambayoyinka biyu.

Da farko dai, a wancan zamani kamfanonin shirya fina-finai ba su ɗauki irin waɗannan kaya a matsayin kayan tarihi ba. Kayan aiki ne da aka ƙera domin su yi kyau a gaban kyamara na 'yan watanni, kuma da zarar shiri ya tsaya sai su zama kaya masu cin fili da kuɗin ajiya. Ƙaramin abu kamar bindigar roba ko riga, wani ma'aikaci na iya ɗauka ya kai gida ya adana shekara da shekaru. Babban abu kuwa ba shi da wannan gata, domin ko dai a farfasa shi a yi wani aikin da katakonsa, ko a ba da shi kyauta ga duk wanda zai iya kawo motar ɗauka. Haka aka yi a Ingila da akwatin 'yan sanda na shirin Doctor Who, wato wani ɗan ɗakin waya na katako da mutum ke iya shiga, wanda aka ƙera a 1963: an yi ta aiki da shi har ya ruɓe, rufinsa ya rufta a 1976, aka yi sabo, na farkon kuma bai tsira ba.

Galileo kuwa an ƙera shi ne a 1966 a birnin Phoenix na jihar Arizona, a ƙarƙashin jagorancin Gene Winfield, wanda ya yi suna wajen sauya fasalin motoci. Masu shirin ba su da kuɗin ƙera shi, sai kamfanin AMT mai yin kayan wasa ya ɗauki nauyin aikin, a madadin izinin sayar da ƙananan samfuran Enterprise, babban kumbon da ke cikin shirin. Tsawonsa ya kai kimanin mita 7, an yi masa ƙashi na ƙarfe aka lulluɓe da katako da fallayen ƙarfe, kuma bai yi tsayin da mutum zai miƙe tsaye a cikinsa ba, shi ya sa aka gina cikinsa daban a ɗakin ɗaukar shiri. Ya fara fitowa a talabijin a watan Janairun 1967. Da shirin ya tsaya a 1969, aka ba da shi ga wata cibiyar makafi a Los Angeles, daga nan ya koma ƙofar gidan wani mutum a kudancin California, sannan ya yi shekaru a filin ajiya, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. A tsakiyar shekarun 1980 wani masoyin shirin ya saye shi ya yi masa gyara, aka nuna shi a 1986 lokacin cikar shirin shekara 20, kafin a sake sayar da shi a kai shi jihar Ohio, inda gyaran da aka fara ya tsaya, labarinsa ya yanke ga jama'a.

Ka ga ke nan ɓatan ba na ɓacewa daga doron ƙasa ba ne. Kullum akwai wanda ya san inda abin yake, sai dai sarƙar bayani ce ta tsinke tsakanin mai shi da masu nema. Saboda haka aikin masu bin sawu ya fi kama da na mai tattara tarihin baka: su nemi tsofaffin ma'aikatan kamfanin da direbobin da suka yi dakon kayan, su bi tsofaffin mujallun masoya shirin da hotunan da mutane suka ɗauka a wuraren taro, su duba takardun ciniki, a yanzu kuma har hotunan tauraron ɗan'adam suke dubawa, tunda babban abu da aka ajiye a fili yakan bayyana daga sama. Galileo ya fito fili ne a watan Yunin 2012, lokacin da aka sa shi a gwanjo a Ohio, wani mai tara kayan shirin daga New Jersey tare da matarsa suka saye shi a kan kimanin dala 70,000.

Tambayarka ta biyu ita ce mai wuya, kuma a ganina ita ce zuciyar wannan aiki. Kuɗin da ke cikin harkar ya yi yawa, ta yadda ba za a yarda da maganar baki kawai ba: kujerar Kyaftin Kirk, shugaban kumbon Enterprise a cikin shirin, an sayar da ita fiye da dala 300,000 a 2002, gwanjon kayan Star Trek da kamfanin Christie's ya yi a 2006 kuma ya tara fiye da dala miliyan 7. Ga shi kuma masoya suna ƙera kwafi masu kyau, wani lokaci ma sun fi na asali kyan gani. Hujja ta farko ita ce jerin hannayen da abin ya bi tun daga kamfanin har zuwa yau, da takarda ko hoto a kowane mataki. Ta biyu ita ce daidaita abin da hoton da ke cikin shirin. Masu bincike sukan tsayar da hoto ɗaya, su faɗaɗa shi, su nemi aibin da hannun maƙeri ya bari: layin walda da ya karkace, tazarar ƙusoshi da ba ta zo daidai ba, zanen jijiyar katako, ko wata 'yar lotsawa a gefen ƙofa. Mai yin kwafi yakan kwaikwayi siffa, amma da wuya ya kwaikwayi kuskuren da bai san da shi ba. Ta uku ita ce binciken kayan kansu, inda ake yanko ɗan ƙwarzanen fenti da bai kai ƙwayar gero ba a duba shi da madubin ƙara girma, a ga fenti hawa-hawa, kowane hawa da zamaninsa.

Bayan an tabbatar, sai gardama ta taso a kan abin da za a yi da shi. Galileo ya isa hannun sabbin masu shi katakonsa ya ruɓe, ƙarfensa ya yi tsatsa, sai suka kai shi wurin masu gyaran jiragen ruwa a garin Atlantic Highlands na New Jersey, zaɓin da ya yi ma'ana, tunda su ne suka saba da haɗin katako da ƙarfe da ruwa ya lalata. Bai daɗe da isa ba guguwar Sandy ta afka wa yankin a ƙarshen Oktoban 2012, ruwa ya shiga wurin aikin, amma kumbon ya tsira. An gama gyaran a tsakiyar 2013, aka ba da shi kyauta ga cibiyar baƙi ta hukumar NASA a Houston, wato Space Center Houston, inda aka buɗe shi ga jama'a a ƙarshen watan Yuli. Sai dai gaskiyar magana ita ce an sauya katako mai yawa, fentin da kake gani kuma sabo ne. Ba na ganin laifinsu, domin abin da ya yi shekaru a fili bai bar musu zaɓi ba, amma ya kamata mai kallo ya san cewa ƙashin ƙarfen da wasu sassa ne na 1966, fuskar kuwa ta 2013 ce.

Gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington ya bi wata hanya dabam da samfurin Enterprise mai tsawon ƙafa 11, wanda aka ba shi a 1974. Wannan samfuri ne, ba a girman mutum aka yi shi ba, amma darasinsa ya shafi manyan kaya. Gyaran da aka yi masa a farkon shekarun 1990 ya sha suka saboda an cika masa layuka da inuwar fenti fiye da yadda yake a da. Da aka sake ɗaukar aikin daga 2014 zuwa 2016, sai aka fara da bincike: aka ɗauki hoton cikinsa da na'urar ganin ƙashi, aka nazarci hawan fenti, aka bar saman ɓangarensa mai siffar faifai da fentinsa na asali ba a taɓa ba, aka daidaita sauran jikin da shi, sannan aka tsayar da cewa za a mayar da shi yadda yake a watan Agustan 1967. Fitilunsa ma aka sauya su da na LED waɗanda ba sa zafi, don kada su gasa katakon. Wannan ita ce ƙa'idar da masu adana kaya suka fi yarda da ita yanzu: a ɗauki hoto a rubuta kafin a cire ko da ƙusa ɗaya, a ajiye duk ɓangaren da aka cire, a yi gyaran da za a iya warware shi daga baya, a kuma sa abin a ƙarƙashin rufi inda danshi da zafi ba sa hawa da sauka, domin wannan hawa da saukar ne ke sa katako kumbura da tsagewa.

Akwai kuma batun mallaka, wanda masu nema kan manta da shi cikin murnar samu. Abin da kamfani ya ba da kyauta ko ya sayar, kamar Galileo, cinikinsa a sarari yake, amma wanda aka ara ba a mayar ba, ko wanda aka tsinta a shara, yana iya jawo shari'a. Ƙaramin samfurin Enterprise mai ƙafa 3, wanda ya kasance a hannun Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya ɓata ne bayan an are shi a ƙarshen shekarun 1970. Ya bayyana a shafin ciniki na intanet mai suna eBay a ƙarshen 2023, aka janye shi daga kasuwa, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions ya tantance shi, sannan a watan Afrilun 2024 aka miƙa shi ga ɗan marigayin.