Amsa ga mai tambaya kan fim ɗin marinar Ƙofar Mata

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa dokumentari kan marinar Ƙofar Mata, hoto ya fita tas, amma masu kallo ba sa wuce minti biyu. Na kalle shi har ƙarshe, kuma laifin ba na kyamara ba ne. Ka buɗe da mai sharhi yana jero tarihi: ana cewa tun 1498 take, tana cikin birnin Kano, kaza da kaza. Bakano ya san wannan, baƙo kuma bai ga abin da ya shafe shi ba tukuna.

A iya daɗewata a aikin fim, na lura mutum ne ke riƙe mai kallo, ba wuri ba. Ka zaɓi marini ɗaya ka bi shi. Me ke hana shi barci? Wataƙila ɗansa ya ƙi gadon sana'ar ya koma tuƙin adaidaita sahu, wataƙila yadin kanti mai araha ya janye masa masu saye. Idan mun san damuwarsa, ramukan rinin nan da suka bushe za su taɓa mana zuciya ba tare da wani ya yi sharhi ba. Tarihin ya biyo baya, daga bakinsa.

Kuma don Allah kada ka zaunar da shi a kujera. Dattijo in ya ga kyamara ta tsare shi, sai ya koma yi wa gwamnati jawabi. Ka yi hira da shi hannunsa na cikin ruwan baba na rini, in ya gama amsa ka yi shiru kaɗan. Sau da yawa maganar da ke ransa a wannan shirun take fitowa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne lokacin da ake tsamo zane. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka, a sake tsomawa, a sake ɗagawa har launin ya kama. Wannan ne abin mamakin sana'ar gaba ɗaya, kai kuma ka wuce shi cikin daƙiƙa uku da kiɗa a kai. Ka kafe kyamara a wurin, ka cire kiɗan. Haka ɗakin bugu: sautin sandunan mabuga kiɗa ne da kansa, ka kai makirufo kusa. Mutanenmu a waya suke kallo, za su haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma muryar da ba a ji sosai ba sa yi mata uzuri.

Minti 25 ɗin nan ya yi yawa, datar mutane kuɗi ce. Ka tace shi ya dawo wajen 10, sannan ka nuna wa wanda ba ya jin nauyinka, ka lura da inda hankalinsa ya fara tafiya. Nan za ka sake yankewa. In ka gama, turo mana mu gani.