Binciken injiniyoyi yana isa wurin gini kuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko binciken da injiniyoyi ke yi yana taɓa ginin da muke gani, ko a takarda yake ƙarewa. Yana taɓawa, sai dai a hankali yake shigowa, har a manta inda ya fito.

Duba kwaɓin kankare. A 1918 wani injiniya Ba'amurke, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare ya danganta ne da yawan ruwan da aka haɗa da siminti. In ruwa ya yi yawa kwaɓin zai yi daɗin zubawa, amma idan rarar ta bushe sai ta bar ƙananan ramuka a ciki. Ƙarfi ya ragu, damshi kuma ya samu hanyar kaiwa ga rodi, tsatsa ta cinye shi. Abin mamaki, bayan an zuba sai a yi ta ba shi ruwa, domin ba bushewa ke ƙarfafa siminti ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma tana ɗaukar lokaci. Shi ya sa ake auna ƙarfinsa a kwana 28. Ni a ganina, leburan da ke ƙara bokiti guda don shebur ya yi masa sauƙi ya fi gurɓataccen siminti ɓarna.

Gadar Takoma ta Amurka kuwa, iska ce ta yi ta murɗa ta har ta rufta a 1940, wata huɗu da buɗe ta. Daga nan ne aka saba gwada ƙaramin samfurin doguwar gada da iskar inji kafin a soma aiki.