Amsa: laka na iya cire finol daga ruwan matsar man zaitun?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yumɓu zai iya tsotse finol (wani sinadari mai gurɓata ruwa) daga ruwan dattin masana'antar man zaitun don furojet ɗinka. Eh yana yi, ana yawan amfani da bentonayit (wani irin yumɓu ne) da kuma ziyolayit (shi ba yumɓu ba ne, ma'adini ne mai ƙananan ramuka). Amma hwa ruwan nan baƙi ne wuluk, ga tsami, pH ɗinshi (ma'aunin tsami) wajen 4 zuwa 5, ga maiƙo na yawo sama, in ka zuba laka haka nan maiƙon zai toshe ramukanta ne kawai ka yi asarar kaya. Bari ya kwanta tukuna, ka tace. Ita kuma lakar ka shanya, ka dake ta, ka tankaɗe, ka jiƙa da asid ka wanke sosai, ta fi kamawa. Awo kuma Folin-Ciocalteu ne, wato gwajin da ke nuna yawan finol cikin ruwa, ka yi shi kafin ka zuba lakar da bayan ka zuba.

Sai dai ina za ka samo ruwan nan Sakkwato? Su Sifaniya, Tunisiya da Maroko ke matsar zaitun. Ni da kai ne majema zan nufa, ruwan bagaruwa cike yake da tanin, dangin finol ne shi ma. Ka tuntuɓi malaminka ko zai yarda.