Amsa ga mai cewa damben Turai barci yake sa shi

Ɗan'uwa, ka ce in kana kallon 'yan damben boksin na Turai hamma kake yi, na Amurka kuwa sai ka miƙe tsaye, kana tambaya ko kai kaɗai ne. Ba kai kaɗai ba ne. Amma a ganina hannu kake kallo, su kuwa a ƙafa aikinsu yake.

Na daɗe ina bin boksin, kuma abin da na lura shi ne bambancin daga makaranta ya faro. A ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat, yaro yana shafe shekaru yana damben neman maki, na turmi uku kacal. Wanda ya taso a haka ba ya jiran naushi ɗaya mai kisa. Zai taɓa ka, ya zame gefe, ya sake taɓa ka. Lomachenko ɗan Ukraine ya ci zinare a Olamfik ta 2008 da ta 2012 kafin ya fara damben kuɗi, kuma mahaifinsa sai da ya sa shi koyon rawa yana yaro don ƙafarsa ta yi laushi. Dubi yadda Usyk, shi ma ɗan Ukraine, ya yi wa Anthony Joshua na Ingila a Landan a 2021. Joshua ya fi shi girma da ƙarfi, amma turmi 12 ya yi yana neman mutumin da kullum ya riga ya bar wurin. Mu da muke bayan Joshua saboda jinin Shagamu, ranar ba mu ji daɗi ba, sai dai gaskiya gaskiya ce.

Ba'amurke shi da ƙugu da kafaɗa yake wasa. Ya tsaya a gabanka, ya bar ka ka kawo, ya goce, ya rama nan take. Mayweather da wannan ya yi dambe 50 ba a doke shi ba. Abin dariyar, shi ma mutane da yawa barci yake sa su, ga shi ba Bature ba ne.

Kuma Turai ɗin ba ɗaya ba ce. Ingila daban take. Can armashin yana wajen 'yan kallo: mutum 90,000 a Wembley ranar Joshua da Wladimir Klitschko ɗan Ukraine a 2017, su biyun kowa ya sha ƙasa kafin a tsayar a turmi na 11. In wannan ya sa ka barci, to sai dai mu yi maka addu'a.

Klitschko da ake zargi da gundura, tura hannun hagu da rungumar nan tasa ai kocinsa Emanuel Steward ne ya gyara masa su, mutumin Detroit ta Amurka. Ka nemi karawar Usyk da Tyson Fury na Ingila ta farko a Riyadh, Mayun 2024, ka kalli turmi na 9, amma ka fara daga na 7 idonka na kan ƙafafunsu.