Malam, kaina baya hutawa da tunani, ko a sallah ko a shimfiɗa

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Ni manomi ne daga wani ƙauye a yankin Gumel, ina noman gero da riɗi, ranar Alhamis kuma ina ɗan taɓa harkar awaki a kasuwar Maigatari. Matsalata tunani ne malam, wallahi kaina baya tsayawa, da na kwanta sai lissafi ya taso, bashin takin da na ci, hidimar yara, maganar da wani ya gaya mun tun bara, har a kira assalatu idona biyu. A sallah ma haka, ina yin kabbara sai in tsinci kaina a kasuwa ina ciniki, in rasa raka'a nawa nayi, sai in sallame in sake. Wani sa'in ma tunanin da ke zuwa mun game da addini bakina ba zai iya faɗarsa ba. Wani ma'aikacin lafiya a garinmu yace in riƙa zama ina jan numfashi a hankali ina saki, amma abokina yace wannan yoga ne na masu bautar gumaka, wai ni raunin imani ke damuna ko kuma aljanu, wani kuma yace kawai in sayi ƙwayar bacci a kemis. Malam ina da zunubi? Kuma na numfashin nan ya halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye maka ɗan'uwa, ya kawo maka mafita.

Toh da farko dai ka sauke wannan kayan na zunubi daga kanka, babu shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) yace Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka saƙa musu matuƙar basu aikata ba kuma basu furta ba. Har wancan da kace bakinka ba zai iya faɗa ba, ai sahabbai sun riga ka kai wannan ƙarar, a Sahihu Muslim sun je sunce muna jin abu a ranmu wanda ɗayanmu yake ganin girman ya furta shi, Annabi (SAW) ya tambaye su ashe kun ji haka, sukace eh, yace wannan shine tsantsar imani. Malamai sukace ƙyamar da kake yi wa tunanin da tsoron da yake baka, su ne shaidar imanin, don wanda zuciyarsa ta mutu ai ba ruwansa. Shi abokin naka da yace raunin imani ne, Allah ya saka masa da niyyarsa, amma ya yanke hukunci a inda bai da ilimi, kuma irin wannan maganar ita ke ƙara wa mai damuwa wata damuwar, mutum yazo da ciwo ɗaya a sallame shi da biyu. Sayyadina Umar ma, Bukhari ya kawo maganarsa cewa yakan shirya rundunarsa alhali yana cikin sallah. In hankalin Umar zai je wajen runduna to naka ya je Maigatari ba abin da zai fitar da kai daga musulunci bane, ladan khushu'i ne yake raguwa gwargwadon yadda hankali ya tafi, amma sallah ta yi.

Sai maganar sake sallah, wannan kam ka daina daga yau. Mu nan da muka tashi da Ahalari da Risala a zaure, hukuncin a fili yake. Wanda kokwanto yake zuwar masa jefi-jefi, shi ne zai yi gini kan abin da ya tabbatar, in yana shakkar uku yayi ko huɗu ya ɗauka uku ne ya ƙaro ɗaya yayi ba'adi. Amma wanda abin ya zame masa jiki, kullum sai ya zo masa ko da sau ɗaya ne a yini, Ibnu Abi Zaid a Risala yace ya shagala ga barinsa, babu wani gyara a kansa, sai dai yayi sujada bayan sallama. Ahalari ma haka yace game da mai waswasi, ya bar waswasin daga zuciyarsa, kar ya kawo abin da yake shakka, yayi ba'adi ko shakkar ta ƙari ce ko ta ragi. Kai a wannan sahun kake. Kuma Usman bin Abil As ya kai wa Annabi (SAW) kukan cewa shaiɗan yana shiga tsakaninsa da sallarsa yana rikita masa karatu, aka ce masa wannan shaiɗani ne da ake kira Khinzab, in ka ji shi ka nemi tsarin Allah ka yi tofi ta hagu sau uku, yace yayi kuma Allah ya tafiyar masa da shi, Muslim ne ya ruwaito. Tofi fa mara yawu, in kana sahu kar ka je ka jiƙa wa na kusa da kai riga.

Ina so ka tsaya ka kalli wannan hukuncin na Risala da kyau don maganin rabin matsalarka yana cikinsa, har ta daren ma. Malaman fiƙihu basu ce mai waswasi ya zauna yayi ta kokawa da tunanin har sai ya kayar da shi ba, basu ce yayi ta bincike har sai zuciyarsa ta gamsu ba, cewa sukayi ya rabu da shi ya ci gaba da abin da yake yi, saboda sun san duk amsar da ka bashi sai ya dawo da wata tambayar. Kai da kake shiga kasuwar dabbobi ka fi ni sanin dillali, in ya riƙo hannun rigarka kayi kuskuren tayawa ko da wasa to ciniki ya buɗe, sai ya bika har bakin mota, amma in kace Allah ya kawo kasuwa ka wuce, zai ɗan biyo ka taku kaɗan ya juya. Tunanin tsakar dare haka yake, ba hana shi zuwa zakayi ba, wannan ba a hannunka yake ba kuma Allah bai ɗora maka ba, naka shine kar ka taya. In yazo kace a'uzu billahi, ka mayar da hankalinka kan tasbihinka ko numfashinka, in ya dawo ka sake mayarwa ba tare da ka zagi kanka ba, a haka a haka yake sanyi. Amma masu cewa dole yau sai na kori tunanin nan gaba ɗaya, su ne gari ke waye musu a zaune.

Maganar numfashi kuwa, ya halatta. Ƙa'idar malamai itace al'amuran rayuwa da magunguna asalinsu halal ne sai in dalili ya hana, ibada ce asalinta a tsaya sai an sami dalili. Jan iska ta hanci a hankali da sakinta a hankali ba ibadar kowa bace, aikin jiki ne, kuma likitoci sun san cewa in mutum ya tsawaita fitar da numfashi bugun zuciya yana lafawa jiki ya saki. Gaskiyar abokinka ɗaya ce, yoga daga Indiya ta fito kuma tana da alaƙa da addinin Hindu, a cikinta akwai kalmomin da suke maimaitawa na bautarsu da wani rusunawa da ake yi da sunan gaida rana, waɗannan musulmi ba ya kusantarsu. Amma don wasu sun cusa numfashi cikin bautarsu ba zai sa numfashi ya haramta garemu ba, ai su ma suna azumi suna wanka. Sharaɗin dai kar ka furta wata kalma da baka san ma'anarta ba, kar ka kwaikwayi wani yanayi na bautarsu, sannan kar ka ɗauke shi sunna ko ka ƙirƙiro masa wata falala, sababi ne kamar shan maganin ciwon kai. Ka zauna ko ka kishingiɗa, ka ja iska kana ƙirga huɗu a zuci, ka sake ta kana ƙirga shida, ka yi na 'yan mintuna, shikenan. Shi kansa addini ya san ana bi ta jiki a kai ga zuciya, mai fushi an ce in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, kuma Nana A'isha takan sa a dama talbina, kunun sha'ir kenan, ga wanda aka yi wa rasuwa, tana cewa taji Annabi (SAW) yace tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki.

Kuma hutu hakki ne fa, mutanenmu na karkara da yawa gani suke in magidanci ya kwanta da rana ko ya zauna yana wasa da 'ya'yansa to rago ne. Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangijinka yana da hakki a kanka, ranka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, da maganar ta je wa Annabi (SAW) yace Salmanu yayi gaskiya. Ƙailula tsakanin hantsi da azahar ko bayanta kaɗan, in ka samu kayi, amma gajera, kar ta cinye maka baccin dare.

Yanzu bari in tambaye ka abin da baka faɗa ba, bayan isha'i ina kake zuwa? Don na san al'adar, teburin mai shayi, a haɗa maka mai kauri har da Nescafe, a ɓara goro, a yi ta hirar farashin taki da siyasa har sha ɗaya, a dawo gida kuma a ɗauko waya a shiga WhatsApp da TikTok, sannan ace bacci ya ƙi zuwa. Shayi da kofi da goro duk suna da sinadarin kafin mai hana bacci, kuma yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ma ya bar jiki, kaga wanda ka sha da tara na dare yana nan yana aiki har ƙarfe biyu. Ka mayar da su safe, daga la'asar ka haƙura. Hadisin Abu Barza a Bukhari da Muslim yace Annabi (SAW) yana ƙin bacci kafin isha'i da hira bayanta. Wayar kuma ka barta nesa da shimfiɗa. Kayi alwala, ka kwanta ta dama, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ka shafe jikinka, sannan tasbihin da aka koya wa Nana Faɗima da Sayyadina Ali lokacin da ta nemi mai aiki saboda wahalar niƙa, Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu akbar 34. Kayi shi a nitse kana jin abin da kake faɗa, Allah yace a Suratur Ra'adi aya ta 28 da ambatonsa ne zukata suke natsuwa. In kuma ka daɗe a kwance ido ya ƙi rufuwa, tashi ka ɗan yi nafila ko karatu mara hayaniya, in gyangyaɗi yazo ka koma.

Bashin taki kuma, shi ba waswasi bane, gaskiya ne, kuma zikiri ba zai biya maka shi kana kwance ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi take. Da rana tsaka, ba da dare ba, ka samu takarda da boko ko da ajami ka rubuta wa kake bi wa ke binka, nawa ne, yaushe ne, me kake sa ran samu in an kaɗe riɗi, sannan ka taka ka je wajen mai kuɗin ku yi magana ta fahimta ya san inda ka tsaya, don yawanci gudun haɗuwa da mai bashi ya fi bashin kansa cin rai. In lissafin ya taso da dare kace masa an rubuta, sai da safe. Ka lazimci addu'ar da Anas ya ruwaito a Bukhari, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, har zuwa inda take neman tsari daga nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ita kuma maganar bara da ake ta juyawa, da nace kaza da nayi kaza, hadisin Muslim yace wannan "da" ɗin tana buɗe aikin shaiɗan, kace ƙaddarallahu wa ma sha'a fa'al.

Ƙwayar bacci daga kemis ba da takardar likita ba, ban halatta maka ba. Irin su diazepam suna kama jiki, mako kaɗan sai ka ga in babu ita babu bacci, kuma duk mun ga abin da tramadol da kodin suka yi wa samarinmu har ta kai gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Cutar da kai haramun ne, in kuma ta kai ga gusar da hankali ta shiga babin maye. Amma in likita ne ya duba ka ya rubuta ya ƙayyade, wannan magani ne, sha halal ne. Aljanu gaskiya ne amma a duk abin da ka lissafa ban ga abin da zai sa a ɗora musu ba, in kana son ruƙya kayi wa kanka da Fatiha da surorin nan, kar ka sayar da akuyarka ka kai wa mai duka da hayaƙi.

In ka gwada waɗannan abin bai sassauta ba, ko ya kai mako biyu baka jin daɗin komai, abinci ya fita ranka, kana ramewa, ko gabanka yana yawan faɗuwa da gumi da rawar hannu, ka je babban asibitin Gumel a auna jininka, don hawan jini da ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kawo irin wannan. In sun tura ka asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Dawanau ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ka tafi, zuwa can ba yana nufin hauka ba, Annabi (SAW) yace ku nemi magani ya ku bayin Allah. In kuwa har ya taɓa zuwa maka a rai cewa gara ka mutu ko ka cutar da kanka, to wannan ba a kwana da shi, a ranar ka gaya wa mai ɗakinka ko wani babba a gidanku su raka ka asibiti.

Wallahu a'alam.